Gaba Uku na Garba Dogo

Duk wanda ya zauna Madarumfa a shekarar farin nan, wadda tabki ya ja da baya har yara suka riƙa wasan langa inda dā masunta ke jefa koma, ya san lambun Garba Dogo. Ba wani ƙaton lambu ba ne. Mangwaro ne da lemun tsami, da gwaba a bakin shinge, sai 'yan fangalan albasa. Amma tsohon da hannunsa ya dasa kowane icce tun yana tsiron da akuya za ta gama da shi loma ɗaya. In ka wuce da safe ka ji shi yana yi musu magana, sai ka rantse da jikokinsa yake.

Dogo kuwa dogo ne na gaske, ba na suna ba. Babu zauren da yake shiga a garin bai rusuna ba. Sai Allah, da yake ba ya barin mutum ba abin dariya, ya ba shi suruki gajere. Isa ke nan, mijin Rakiya, autar tsohon. Isa katafila yake tuƙa wa kamfanin da ke aikin hanya wajen Ɗan Issa, kuma in ya hau kujerar injin sai ya sa matashi biyu kafin ya hango gabansa. Abokan aikinsa kullum cikin tsokanarsa suke, shi kuma ya ce musu gajere ba yaro ba ne, dogo da hankali kuwa dace ne. Baki gare shi, wallahi, ba a kada shi a zance.

Amma a gaban surukinsa wannan bakin ƙulle yake. Da ya hango Dogo sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya dubi ƙasa, ya ce, "Ina kwana, Baba," shi ke nan zance ya ƙare. In a kasuwa ne sai ya canza layi. Bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Shi ma tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mijin yarinyar nan". Ba ƙiyayya ba ce, kunyar surukuta ce, irin wadda iyaye suka gada suka bar mana. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu sai ta bi ta bakin Rakiya.

To da fari ya yi tsanani, rijiyar lambun ta ƙafe. Dogo ya samo mutum biyu suka shiga yashe ta, suna cikin ƙara zurfi rairayi ya zubo, Allah ne ya sa suka fito da ransu. Rijiya ta rufta. Samarin gari duk sun tsallaka Najeriya ci-rani, babu mai haƙa sabuwa. Tsohon ya koma ɗauko ruwa a jaki daga tabki, tabkin kuma kullum ƙara nisa yake. Ganyen mangwaro ya fara naɗewa, lemun ya zubar da 'ya'yansa tun suna ƙanana. Sai babban ɗansa Lawali, wanda ke kasuwanci a Katsina, ya aiko cewa ƙarshen wata zai zo da mota ya tafi da shi, tsoho kamar wannan ba zai mutu a bayan jaki ba saboda itatuwa.

Dogo ya ce, "To." Daga ranar bai ƙara cin tuwon kirki ba.

Rakiya ce ta kawo wa Isa maganar, ranar da ya zo gida hutun ƙarshen mako. Ta aje masa kwano ta zauna gefe, sai share ido take da bakin zane.

"Ke kuma lahiya?"

"Maigida, in aka raba Baba da lambun nan, wallahi gawarshi za a kai Katsina. Na san ubana."

Isa ya tura kwanon gefe. Yana son tsohon nan so na haƙiƙa, ko da yake bai taɓa samun hanyar faɗa ba. Shi maraya ya tashi. Ranar da ya je neman aure, dangin Rakiya sun yi ta gunaguni, wai ba a san asalinsa ba, wai ga shi kamar turmi. Dogo ne ya ce shi ya ga yaron yana salla kuma yana da sana'a, ya ba shi. Isa bai manta ba.

Da Litinin ya sami Tanko, shugaban ma'aikatansu, ya gaya masa komai. Tanko mutum ne mai faɗa amma cikinsa fari ne. Ya gama sakace, sannan ya nuna injinan haƙa biyu da ke tsaye a filin kamfani. Babbar suna ce mata Giwa, ƙaramar kuma Jaka.

"Aikinmu a nan ya ƙare," in ji Tanko. "Ranar Asabar kamyo, babbar motar kayan nan, zai ɗauki ɗaya ya kai Maraɗi, ɗayar sai wani mako. Na ba ka Lahadi guda. Ka zaɓi wadda za a bar maka. Amma ka ji ni da kyau, ba girman inji ake dubawa ba, zurhin rami ake dubawa. Hannun Jaka metir biyar yake kaiwa, ko ka yi kuka ba ta ƙarawa. Giwa tana kai bakwai, sai dai inda ta bi babu shinge babu icce, kuma ƙasar fadama ba ta son nauyinta. Ruwan a metir nawa yake?"

"Zan tambayo."

"Ka tahi ka auna da kanka, Gajere."

Haba! Ya auna da kansa? Ya shiga lambun suruki da igiya, kamar yana cewa maganar tsoho ba abin yarda ba ce? Ai gara ya haɗiye garwashi. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma Isa aike ya yi. Ya tura wa Rakiya saƙo ta tambayi Baba a ina ruwa yake.

Amsa ta dawo a taƙaice: gaba uku. Kafin rijiyar ta rufta, Dogo ya soka sandar ƙarfe a ƙasanta ta fito da jiƙa, ya auna, gaba uku cif. Gaba kuwa kowa ya san ta, mutum ya ware hannuwansa biyu, daga kan yatsa zuwa kan yatsa. Da ita ake auna igiyar guga da zurfin rijiya tun kaka da kakanni.

Isa ya samo igiya a bayan rumfar makanikai, ya ware hannuwansa sau uku, ya ƙulla. Ya shimfiɗa ta jikin ma'aunin kamfani, metir huɗu da rabi. Sai ya yi ajiyar zuciya har da hamdala. Jaka ta isa, har da saura. Ba sai an karya shinge ba, ba sai an taɓa ko reshe ɗaya na itatuwan Baba ba. Da murna ya je ya ce wa Tanko a tafi da Giwa. Ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa hannun da ya auna ruwan da hannun da ya auna igiyar ba ɗaya ba ne.

Ranar Lahadi da hantsi Jaka ta shigo Madarumfa tana ruri, gari ya fashe a bayanta. Isa ya ratsa da ita tsakanin mangwaro biyu a hankali, ko ganye bai kaɗe ba, mutane suka yi ta cewa, "Kai, Gajere ya iya!" Dogo na zaune a kan buzu gindin babban mangwaron nan na gabas. Wannan shi ne icce na farko a lambun, shi da marigayiya matarsa Dije suka dasa shi shekarar da suka tare. Isa ya sauko ya tuɓe takalmi ya gaishe shi, ya koma ya hau. Rakiya ta zo da ƙwaryar fura ta tsaya wajen shinge da sauran mata.

Aka fara. Ƙasar sama ta fito busasshiya fara fat, sai ja, sai rairayi. Tudun ƙasa ya tashi a gefe. Duk sanda cokalin injin ya fito sai mutane su ruga su damƙi ƙasar su ji. Da rana ta take ƙasar ta fara sanyi a hannu, wani ya yi kabbara. Isa ya ƙara tura hannun injin, ya ƙara, har ƙarfen ya miƙe sambal ya yi ƙara. Haƙoran cokalin suka karci ƙasa suka dawo da ɗan abin da bai cika ƙwarya ba. Ya sake gwadawa, haka. Ramin ya kai iyakar hannun Jaka, kuma babu ko ɗigon ruwa.

Ya kashe injin. Wuri ya yi tsit, sai kukan kurciya. Giwa tana Maraɗi tun jiya. Ga shi ya tara wa tsoho gari, ya sa masa rai, ya kuma tona masa rami a tsakiyar lambu a banza. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige.

Dogo ya miƙe, ya ɗauko tsohuwar igiyar gugansa, ya ɗaura dutse ya zura a ramin. Ya jawo ta ya shiga aunawa da waɗannan dogayen hannuwa nasa. Ɗaya, biyu, da rabi. Ya dubi Rakiya.

"Ce wa mijinki mi ya tsaida shi? Saura rabin gaba."

Isa na tsaye bai fi taku kaɗan da shi ba, kansa a ƙasa. Ya ce, "Rakiya, ce wa Baba, ya gafarce ni, gaba uku ta cika har ta gota."

"Ce mishi ni na haƙa rijiya tun ba a haihe shi ba."

"Ce wa Baba ni ma na auna, wallahi sau uku na auna."

Rakiya ta dire ƙwaryar fura har ta fantsama. Mace ce mai haƙuri, amma ranar haƙurin ya ƙare. "Ni kam na gaji! Ga ka ga shi, Baba, kunnenku duka lahiya lau, ni ce waya?" Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta tsaya. Ta dubi ubanta tun daga sama har ƙasa, ta dubi mijinta, wanda ko a tsaye bai kai hammatar uban ba. Ta kama haɓa. "La ilaha illallahu! Maigida, da hannun wa ka auna?"

Nan fa wuri ya kaure da dariya. Tsofaffi har da riƙe ciki. Rakiya ita ma dariyar take, hawaye na zuba. Isa ne kaɗai bai yi ba, don shi ya san abin da dariyar ba ta gyarawa.

Dogo ma bai yi dariya ba. Ya tako ya tsaya a gabansa.

"Isa."

Isa ya ɗago a firgice. Bai taɓa jin sunansa a wannan bakin ba.

"Ware hannunka."

Ya ware. Tsohon ya rusuna, ya haɗa ƙirjinsa da nasa, ya ware nasa hannuwan a kai. Yatsun Isa da ƙyar suka wuce tsakiyar damatsan tsohon na ƙasa. Isa ya ji ƙasusuwan ƙirjin Dogo duk a waje, ya ji yadda yunwa da baƙin ciki suka cinye shi, sai idonsa ya cika.

"Laihina ne, Baba," ya ce. "An ce in zo in auna, kunya ta hana ni."

"Ni ma kunyar ce ta hana ni kiran ka in nuna maka igiyar. Bar wannan. Da na sani ƙeya ce. Gaya mini, babbar fa?"

"Ta tahi Maraɗi."

"Wagga ba ta ƙara ko taƙi?"

"Hannunta ba ya ƙaruwa, Baba." Ya dubi ramin. "Sai dai ita ta sauka. In na yanke gangara a gehe ɗaya, na yi mata wurin tsayawa ƙasa da nan, sai ta gangara ta miƙa hannu daga can. Amma tana son fili." Ya juya ya nuna yamma, wajen fangalan albasa da suka riga suka bushe. "Ta nan zan bi, babu icce ko ɗaya."

Dogo ya girgiza kai. "Nan ne tsohuwar rijiya ta rufta. Rairayi ne zalla har ƙasa. Ka sa wannan ƙarfe a kai, da kai da shi za ya haɗiye. Laka tana gabas. Na san ta, ita ta ƙare mini fartanya biyu."

Kowa ya dubi gabas. Babu komai a gabas sai mangwaron Dije.

"A'a, Baba," in ji Isa. "Wallahi a'a. Zan bi yamma a hankali. Jaka ba ta da nauyi."

"Ina magana kana magana?" Tsohon ya daka masa tsawa, irin wadda uba ke yi wa ɗansa na cikinsa. Sannan muryarsa ta sauka. "Icce na san yadda ake dasa wani. Mijin ɗiyata ba ni da irinshi a randa. Ku kawo gatari."

Bai bar kowa ya fara sara ba. Ya dafa iccen ya daɗe, bakinsa na motsi, ko addu'a yake ko da Dije yake, Allah ne ya sani. Sannan ya kai sara na farko da kansa, ya miƙa wa maƙwabta gatarin, ya koma can nesa ya ba su baya. Rakiya ta je ta zauna kusa da shi. Da iccen ya faɗi ƙasa ta girgiza, tsohon bai waiwaya ba.

Isa ya hau Jaka yana share fuska da hula. Ya tumɓuke kututturen, ya shiga yanke gangara. Laka ce kuwa, baƙa mai tauri, tana tsayawa inda aka yanke ta kamar katanga. Can sai ga Dogo ya dawo ya tsaya a bakin ramin, yana nuni da hannu. "Ɗan matsa dama. Tsaya nan. Kar ka taɓa wancan gehen!" Isa kuma ya leƙo ya ce, "Baba, ja da baya, kar ƙasa ta zame da kai!" Matan da ke bakin shinge suka riƙa taɓa juna, yau ga suruki na ba suruki umarni da rana tsaka.

Jaka ta gangara a hankali har rufinta ya kusa daidai da ƙasa. Ta miƙa hannu. Cokali na farko ya fito da rairayi mai danshi. Na biyu ya fito yana nauyi, baƙi, yana manne wa ƙarfe. Na gaba da ya taso sai ga ruwa na tsiyaya ta tsakanin haƙoransa, yana sheƙi a rana. Mata suka rangaɗa guɗa. Isa bai tsaya ba, ya ci gaba da kwasa har ruwa ya taru a ƙasan ramin, ja-ja, yana tasowa ta ko'ina. Sai da ya fito da injin kan tudu ya kashe, sannan ya kifa kansa a kan ƙarfen tuƙi ya yi kuka sosai, bai damu da wanda ke gani ba.

Gugan farko Dogo bai sha ba, bai yi alwala da shi ba. Ya bi itatuwan yana zuba wa kowanne kaɗan, yana cewa, "Ku yi haƙuri, ga shi nan ya zo." Da ya dawo sai ya zauna a kan guntun mangwaron da aka sare, ya ce Rakiya ta kawo abin da ya rage na furar nan, yunwa yake ji. Ya sha ya sha, sannan ya miƙa wa Isa ƙwaryar.

Isa ya ja da baya. "Baba..."

"Sha. Wanda ya ga haƙarƙarina yau, mi ya rage in ɓoye mishi?"

Ya karɓa da hannu biyu, ya juya gefe kaɗan don dai kar a ce ya zubar da kunya gaba ɗaya, ya sha.

Cikin makon Tanko ya aiko da zobban siminti da suka rage daga aikin kwalbati, aka jera su, aka cike gefen, ramin ya zama rijiya. Da ƙarshen wata Lawali ya zo da motarsa kamar yadda ya faɗa. Ya tarar da ubansa na jan guga, ganyen lemu ya warware, ga wani ɗan tsiron mangwaro a gabas an kewaye shi da ƙaya. Ya daɗe a tsaye. Bai ko ɗauko zancen tafiya ba. Ya leƙa rijiyar ya ce, "Kai, ta yi zurfi. Gaba nawa ce, Baba?"

"Ruwa a gaba huɗu yake."

"Ba uku aka ce mini ba?"

"Wancan lissahin tsoho ne," in ji Dogo. Ya miƙa wa Isa, wanda ke durƙushe yana gyara wa tsiron ƙaya, bakin sabuwar igiya. "Ni na gama nawa awon. Lambun ga daga yau da hannun ƙanenka ake auna shi. Tashi, ɗana, ka ware mishi ya gani."

Isa ya tashi ya kama igiyar, ya ware gajerun hannuwansa.